Zama a ƙaramin tsibiri cikin birni: gada ta fi, ko jirgin fito?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina so mu tattauna wani irin zama da ba a cika maganarsa ba, wato zaman unguwar da take cikin babban birni a hukumance, amma ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Tsibiran da ke can tsakiyar teku ba sa cikin lissafina. Ina nufin irin Roosevelt a New York, da Goree a gaban Dakar, da Suomenlinna a Helsinki, da Tuti a Kartum, inda mutum yake hango benayen birni daga ƙofar gidansa, yake zuwa aiki a cikin birnin kowace safiya, amma sai ya tsallaka ruwa kafin ya taka shi.

Ra'ayina, wanda na san za a yi mini ca a kansa, shi ne wahalar tsallakawar nan ita ce take riƙe da irin waɗannan unguwanni. Ita ce take sa mutane su san juna, ita ce take hana motoci da hayaniya shigowa, kuma ita ce take korar wanda ba zama ya kawo shi ba. Ranar da aka sauƙaƙa ta da gada, daga ranar unguwar take fara zama kamar kowace unguwa. Ina roƙon waɗanda suka zauna a irin waɗannan wurare su faɗa mana yadda yini yake tafiya a can, sannan su gyara mini idan na kauce.

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni mazauniyar Roosevelt ce, kuma tun daga farko zan gaya maka cewa tsibirinmu bai goyi bayanka ba. Siriri ne ƙwarai, tsawonsa kimanin kilomita 3, faɗinsa kuwa bai kai mita 250 ba ko a inda ya fi faɗi, yana kwance a cikin ruwan da ya raba Manhattan da Queens, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura 11,000. Hanyoyin fita huɗu ne: gadar mota guda ɗaya da ta haɗa mu da Queens tun 1955, da motar nan mai rataye a jikin igiyar ƙarfe wadda take tsallaka ruwa ta sama tun 1976, da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1989, sai jirgin ruwan fasinja da ya fara tsayawa a 2017. Da sauƙin tsallakawa ne yake kashe unguwa, ai da tamu ta daɗe a kabari.

A ganina abin da yake haɗa mu shi ne babban titinmu guda ɗaya ne, kuma ba ya kai mutum ko'ina. Duk motar da ta shigo ta gada, nan ta nufo, kuma ta wannan gadar za ta koma, saboda haka babu mai ratsa unguwar a guje domin ya yanke hanya zuwa wani wuri. Yawancin masu mota suna ajiye ta ne a babban garejin da ke gindin gadar, su ƙarasa gida a ƙasa ko a jar bas ɗin da take zagaya tsibirin kyauta. Makarantar gwamnati ɗaya ce, ɗakin karatu ɗaya ne, don haka fuskar da ka gani da safe wajen raka yara ita za ka sake gani da yamma a bakin ruwa. Abin dariyar kuma shi ne babbar gadar Queensboro ta bi ta saman kanmu ba tare da ta sauko ba. Mai son shiga Manhattan da mota sai ya fara juya mata baya ya nufi Queens, sannan ya hau waccan gadar ya wuce ta saman rufin gidansa.

Malama Zainabu:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma mutum 11,000 da jirgin ƙasa a ƙarƙashinsu sun kusa fita daga abin da Malam Habibu yake nufi. Ni na yi zaman karatu a Helsinki, kuma ina yawan kwana wurin wata abokiyar karatuna da take zaune a Suomenlinna, tsohuwar ganuwar soja da aka fara ginawa a 1748 a kan wasu ƙananan tsibirai. Mazauna wurin kimanin 800 ne, kuma hanyarsu ta yau da kullum ita ce jirgin fito mai ɗaukar kusan minti 15 zuwa bakin kasuwar birnin. Jirgin yana cikin tsarin sufurin birni, da tikitin da ake hawa bas ake hawansa, kuma yana aiki duk shekara, har lokacin da teku ta daskare yana bin hanyar da ya fasa a cikin ƙanƙara.

Abin da na lura shi ne mutanen can ba sa auna lokaci da agogo kai tsaye, da jirgi suke auna shi. Ba a cewa za a fita da ƙarfe kaza, sai dai a ce za a bi jirgin ƙarfe kaza, kuma yaro ɗan firamare ya haddace jadawalin kafin ya iya karanta shi da kyau. Jinkirin minti biyu a gida yana iya zama jinkirin rabin awa ko awa guda a wurin aiki, gwargwadon lokacin shekara, domin jirage sun fi yawa da bazara, suna raguwa da hunturu. Wanda ya je ziyara cikin gari da dare hankalinsa yana kan jirgin ƙarshe, ana tsakiyar hira zai miƙe ya yi sallama, kuma babu mai ganin laifinsa.

A nan nake goyon bayan Malam. Minti 15 ɗin nan, safe da yamma, tare da mutane iri ɗaya, su ne suke gina maƙwabtaka. A cikin jirgin ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake neman wanda zai riƙe yaro, a nan kuma ake ƙarasa gardamar da aka fara a taron unguwa. Mutanen da ba su da abin da ya haɗa su a sana'a ko a ra'ayi suna zama kusa da juna shekara da shekaru, ko suna so ko ba sa so, har sabo ya shiga tsakaninsu. Gada ba ta yin wannan aikin, domin kowa a cikin motarsa yake bi ta kanta, gilashi a rufe.

Lawal:

Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa, ni tambaya ce da ni. Duk wannan yana da daɗin ji da rana tsaka. Idan naƙuda ta kama mace da ƙarfe uku na dare, ko dattijo ya yanke jiki ya faɗi bayan jirgin ƙarshe ya tafi, yaya ake yi?

Dakta Asabe:

Ƙanena Lawal, tambayarka ita ce wadda ya kamata a fara da ita. Kowane tsibiri yana da dabararsa, kuma dabarar tana bin ƙarfin aljihun birnin da yake ciki. A Suomenlinna ɗin da Malama ta ambata akwai rami da aka haƙa a ƙarƙashin teku, wanda ya wuce kilomita ɗaya, da bututun ruwa da na ɗumama gidaje suke bi ta cikinsa. Jama'a ba sa shiga, amma motar ɗaukar marasa lafiya tana iya bi idan ta kama. A Cheung Chau ta Hong Kong, inda lunguna suka yi ƙunci har motar gida ba ta yawo, an tanadi ƙananan motocin asibiti da na kashe gobara daidai faɗin lungunan, akwai ƙaramin asibiti a tsibirin, kuma wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu jirgi mai saukar ungulu ne yake ɗauke shi. A Venis da tsibiran da ke kewaye da ita, irin su Murano da Burano, jirgin ruwa ne motar asibiti.

Sai dai a wurinmu ma'aikatan lafiya, ciwon gaggawa bai kai ciwon yau da gobe wahala ba. Mai wankin ƙoda da yake zuwa asibiti sau uku a mako, da tsohuwar da take kan keken guragu, da uwa mai goyon jariri da za a kai rigakafi, su ne suke ɗanɗana tsallakawar nan a jikinsu: gangarowa zuwa tasha, jira a cikin iska, hawa gangaren da yake motsi da igiyar ruwa, sannan a sake neman abin hawa a ɗaya gaɓar. Idan hazo ya sauko ko iska ta yi ƙarfi aka dakatar da jirgi, alƙawarin likita ya rushe ke nan. Mazauna tsibiran da ke gaban Istanbul sun san wannan sarai, domin iskar kudu tana tsayar musu da jirage a lokacin sanyi. Shi ya sa a wurare da yawa mai ciki take komawa wurin dangi a cikin gari idan watanta ya tsaya, kuma tsofaffi da dama suke barin gidan da suka tsufa a cikinsa ba da son ransu ba.

Saboda haka, Malam Habibu, ina jin tsoron yabon wahala daga bakin mai ƙafa biyu lafiyayyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Bashir:

Ina goyon bayan Dakta, kuma zan ƙara da ɓangaren kaya, wanda baƙo ba ya gani. A unguwar da mota take shiga, buhun siminti sau ɗaya ake sauke shi, a ƙofar gida. A tsibirin da babu gada kuwa sai an sauke shi a tasha, a loda a jirgi, a sake saukewa a ɗaya gaɓar, a ɗora a amalanke ko a baro, sannan a tura shi cikin lungu. Kowane hannu da ya taɓa shi sai an biya, don haka gyaran da bai taka kara ya karya ba a cikin gari yana zama babban aiki a tsibiri. Haka firji, haka katifa, haka tukunyar gas. Mai gyaran famfo ko na lantarki yana lissafa lokacin da zai ɓata a ruwa, kuma idan ya manta da wani ƙaramin ƙarfe, yinin ya tafi. Ga iskar teku mai gishiri da take cin ƙarfe da tsatsa, ga danshi da yake hawa bango daga ƙasa. A wurare irin Goree, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, mai gida ba shi da ikon canza fuskar gininsa yadda ya ga dama, kuma wannan ma wani nauyi ne a kan talakan da ya gāji tsohon gida.

Duk abin da ya shiga kuma sai ya fita a matsayin shara. A Venis da sassafe masu shara suke bin gida-gida da amalanke, su kai wa jirgin da yake jira a bakin ruwa. Tsibirin Hajiya Rabi kuwa yana da abin da injiniyoyi suke zuwa kallo daga ƙasashe: tun tsakiyar shekarun 1970 aka shimfiɗa manyan bututu a ƙarƙashin ƙasa waɗanda suke zuƙe shara da ƙarfin iska daga benaye zuwa matattara guda, shi ya sa ba a ganin tarin buhunan shara a bakin titi kamar sauran New York. Hajiya za ta ba mu shaida ko yana toshewa.

Hajiya Rabi:

Yana toshewa mana, Injiniya, duk lokacin da wani ya cusa abin da bai kamata ba, irin katako ko tsohon labule da sandarsa. Amma bisa gaskiya yana aiki, kuma rashin motocin shara da asuba yana daga cikin abin da ya sa muke samun barci.

Malam Habibu:

Na gode muku, kuma Dakta, maganar marasa lafiya ta shige ni. Amma ku ba ni dama in kawo nawa misalin. Tsibirin Saint-Louis a tsakiyar Paris bai wuce hekta 11 ba, an gina shi a ƙarni na 17 bayan an haɗe wasu ƙananan tsibirai biyu, kuma gadoji biyar ne suke shiga cikinsa. Babu wanda yake jiran jirgi, babu mai naƙudar da take fargaba. To me ya faru? Gidaje sun yi tsadar da sai attajirai, da yawansu ma ba a nan suke zaune ba, suna zuwa ne su yi 'yan makonni su rufe tagogi su tafi, kuma kantunan da suke biyan buƙatar mazauna suna ta ba da wuri ga masu sayar wa baƙi tsaraba. Venis ba ƙaramar unguwa ba ce, na sani, amma darasinta ɗaya ne: gadar jirgin ƙasa ta iso ta a 1846, ta mota a 1933, tsohon garin yana da mutane kimanin 175,000 a 1951, kuma a 2022 sun gaza 50,000. Sauƙin shiga ya kawo masu kallo, sauƙin fita ya kwashe masu zama. Unguwar da babu yara a lungunanta, ko da asibiti a ƙofarta, ni ban san da wane suna zan kira ta ba.

Alhaji Ɗanlami:

Malam Habibu, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma tunda ka ambaci Tuti a farko, ba zan yi shiru ba. Na yi karatu a Kartum tun ana shiga tsibirin da jirgin fito kaɗai, kuma na sake komawa bayan an kammala gadar a 2008, don haka na ga fuska biyu.

Tuti yana daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Kartum da Omdurman da Bahri sun sa shi a tsakiya. Mutanensa, waɗanda yawancinsu 'yan ƙabilar Mahas ne, sun yi ɗaruruwan shekaru a wurin, tun kafin a kafa Kartum ɗin kanta. Mutum zai bar hayaniyar ma'aikatun gwamnati, cikin 'yan mintuna ya sauka a tsakiyar gonaki da lambuna da lungunan da kowa ya san kakan kowa. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarinsu na tsaron ambaliya, wanda suke kira taya. Idan kogi ya fara cika da damina, sai a kafa rumfuna a wuraren da aka san ruwa yana ɓallowa, a raba maza rukuni-rukuni suna kwana suna gadi, mata suna aiko musu da abinci, kuma da an ga ruwa ya ci wani wuri sai a yi shela, kowa ya fito da buhunan yashi. Har gobe suna alfahari da yadda kakanninsu suka tare ambaliyar 1946 da ƙarfin kansu. A nan maganarka gaskiya ce, Malam: ruwan ne ya koya musu wannan haɗin kai, domin sun san babu mai zuwa ceto kafin gari ya waye.

To amma ban taɓa jin wata uwa a Tuti tana kukan zuwan gada ba. Ɗalibi ya daina makara saboda jiran jirgi, manomi ya kai amfaninsa kasuwa da mota, mara lafiya ya isa asibiti da dare. Abin da ya tayar wa dattawan wurin hankali shi ne masu kuɗin da suka biyo gadar da taswirar manyan gine-gine a hannu, suna tambayar farashin gonaki. Sannan aikin masu fito ya ja baya, domin babu mai biyan kwale-kwale alhali ga gada.

Sai yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan, suka riƙe bakin gadar, tsibirin ya zama kurkuku, abinci da magani suka yanke, shiga da fita sai da izinin mai bindiga, kuma kafin ƙarshen 2024 yawancin mazauna sun fice sun bar gidajen kakanninsu. Ban ce gada ce ta jawo musu ba, yaƙi ne, kuma ya ci unguwannin da ba su taɓa ganin ruwa ba. Abin da nake so matasan zauren nan su riƙe shi ne unguwar da take da ƙofa ɗaya, ko gada ce ko tashar jirgi, rayuwarta tana hannun wanda ya tsaya a bakin ƙofar. Allah ya mayar da su gidajensu lafiya.

Barista Hadiza:

Amin, Baba Alhaji. Maganarka ta masu taswira ita ce ta kawo ni, domin ina ganin Malam Habibu ya ɗora wa gada laifin da yake na takardar fili ne. Ku duba tsibiran Toronto a Kanada. Jirgin fito ne hanyarsu, tafiyar kusan kwata ɗaya na awa, babu motocin gida, babu babban kantin cefane, mazauna suna jan kayansu a amalanken keke, kuma da hunturu tasha ɗaya ce take aiki. Wannan duk bai kare su ba. Daga shekarun 1950 hukuma ta shiga rushe gidaje domin ta mayar da wurin filin shaƙatawa, har ɗaruruwan gidaje suka tafi. A watan Yulin 1980 sauran mazauna suka taru a bakin ƙaramar gadar Algonquin suka tare jami'in da ya zo da takardun tashi. Abin da ya tsayar da maganar shi ne dokar da lardin Ontario ya yi a 1993, wadda ta ba su hayar filin na shekara 99 ƙarƙashin wata hukumar amana. Gidajen da suka rage kimanin 260 ne. Mai gida yana iya bar wa matarsa ko mijinta ko 'ya'ya, amma idan sayarwa zai yi, ba shi yake yanka farashi ba, ba shi kuma yake zaɓen mai saye ba: hukumar ce take ƙiyasta kuɗin ginin bisa ƙa'ida, ta miƙa tayin ga waɗanda suke kan jerin masu jira, wanda aka ƙayyade shi a suna 500.

Ku kwatanta da Warraƙ, tsibirin da ke cikin Nilu a arewacin Alƙahira, inda dubun-dubatar mutane suke dogara da jiragen fito. Wahalar tsallakawa ba ta hana idon masu gini faɗawa kansa ba. A watan Yulin 2017 jami'an tsaro suka shiga rushe gine-ginen da gwamnati ta ce an yi a filinta, aka yi arangama har mutum ɗaya ya rasa ransa, kuma a 2018 aka ayyana tsibirin a matsayin wurin da za a gina sabuwar alƙarya. Ruwa ne ya kewaye tsibiran Toronto da Warraƙ duka, jirgi ne hanyar kowannensu, amma ɗaya yana da doka a hannu, ɗaya kuwa ana gardamar takardunsa. Suomenlinna ma, Malama Zainabu za ta tabbatar, yawancin gidajen na hukumar da take kula da ganuwar ne, haya take bayarwa, shi ya sa attajiri ba zai saye layi guda ya rufe ba. Saint-Louis kuwa kasuwa aka bar wa.

Lawal:

Yaya Barista, ni kuwa tsarin Toronton nan bai kwanta mini ba. Gida 260 a wuri mafi kyau a birnin, a kan filin jama'a, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa, wanda yake waje kuma ya shekara da shekaru a kan layi. Wannan ba gata ba ne aka yi wa wasu 'yan tsiraru da sunan kare unguwa?

Barista Hadiza:

Gata ne, ƙanena, kuma mutanen Toronto da yawa suna faɗin haka. Gidaje ƙalilan ne suke fitowa sayarwa a shekara, wata shekarar ma babu ko ɗaya, don haka mai shiga layi yana matashi yana iya yin furfura bai samu ba. Sai dai ka lura da abin da mai gidan ya sarayar: gidansa ba zai taɓa zama jarin da zai sayar ya yi arziki ba, alhali maƙwabcinsa na tsallaken ruwa darajar nasa tana ninkawa. Ga kuma ambaliya, domin a 2017 tafkin Ontario ya cika har aka rufe tsibiran ga baƙi kusan wata uku, mazauna suna kwana da injin zuƙar ruwa da buhunan yashi, kuma ruwan ya sake dawowa a 2019. Ƙaramin wuri ba zai ɗauki kowa ba, dole a sami hanyar tacewa. Ni dai na fi yarda da layi a kan gwanjo.

Malama Zainabu:

Haka ne, Barista, haya ce, kuma neman gida a can gasa ce mai zafi. Amma akwai wani nauyin da ba mu taɓo ba, wato baƙi. Mutum 800 suna karɓar masu yawon buɗe ido kusan miliyan guda a shekara. Abokiyata takan shanya kaya a bayan gida ta juyo ta tarar ana ɗaukar ta hoto, wasu ma har leƙen taga suke yi, suna zaton duk wurin gidan tarihi ne. Sannan sanin junan da na yaba ɗazu yana da ɗaya fuskar: babu mai fita ko shiga ba a gan shi ba, an san jirgin da ka bi, an san wanda ya raka ka. Yaro ƙarami yana jin daɗin wannan, domin duk tsibirin filin wasansa ne kuma kowa mai tsaronsa ne. Budurwa ko saurayi ɗan shekara 16 kuwa ji yake an sa masa ido, ga abokansa duk suna tsallake, ga jirgin ƙarshe yana yanke masa hira.

Hajiya Rabi:

Malama ta taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Motar igiyar nan an yi ta ne domin mazauna su je aiki kafin jirgin ƙasa ya iso, amma tun da hotunanta suka bazu a intanet, da yamma sai ka tarar da layin masu kallo ya fito har titi, mai komawa gida da yara da kayan cefane yana tsaye a bayansu. Mazauna sun nemi a riƙa ba su fifikon shiga, hukuma kuma tana cewa abin hawan na jama'a ne duka.

Game da fili kuwa, Barista ta yi daidai a kanmu ma. Ƙasar tsibirin ta birnin New York ce, ta ba gwamnatin jihar New York haya ta shekara 99 a 1969, kuma an tsara benayen farko ne domin masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita su zauna tare, har da naƙasassu da yawa, shi ya sa keken guragu yake shiga ko'ina a titinmu. Jirgin ƙasa ya zo a 1989 maƙwabtana ba su watse ba. Sun fara tafiya ne lokacin da wasu benayen suka fita daga tsarin hayar mai rangwame, aka kuma gina sababbi a farashin kasuwa. Malam Habibu, wa'adin hayar ƙasar tamu zai cika a 2068, kuma a taron unguwa wannan shekarar ce ake ambata idan ana maganar jikoki, ban taɓa jin an kawo zancen rufe tasha ko gada ba.